Ya karɓi Almasihu, bayan wata biyu ya koma ƙwaya: bangaskiyarsa ce ta gaza?

Tambaya: Ni uwa ce, ina zaune a Unguwar Romi, Kaduna. Ɗana mai shekara 27 yana tuƙa Keke Napep, kuma yau shekara biyar ke nan yana shan tiramadol, wani lokaci har da kodin. A taron farkawa na ikkilisiyarmu ya fito gaba da hawaye ya miƙa ransa ga Almasihu, ya zubar da ƙwayoyin a gaban jama'a. Wata biyu bai taɓa ba. Yanzu ya koma, har ya fi da, ya ma sayar da keken ɗinkina. Wasu sun ce bangaskiyarsa ce ba ta kafu ba, a kai shi gidan addu'a a tsare shi. Maƙwabciyata ta ce in kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa. Ni kuwa ina tsoron kada zuwa asibiti ya zama raina ikon Allah. Bangaskiya kaɗai ba ta isa ba ne?

Amsa: Mama, sannu da ɗawainiya, sannu da haƙuri. Na yi shekaru ina aikin jinya a ɓangaren masu shaye-shaye, kuma ni dattijon ikkilisiya ne, saboda haka maganar likitoci da ta fastoci duk na sha jin su a kusa. Ki kai shi asibiti, kuma kada ki sassauta addu'a. Ba na kuma jin tuban da ya yi a wannan daren ƙarya ne, kuma ina da dalili.

Tiramadol na asibiti miligiram 50 ne ko 100, kuma likita ba ya bari babba ya wuce 400 a yini. Wanda ake sayar wa yaranmu a lungu kuwa 200 ne ko 225 a ƙwaya ɗaya. Matuƙin keke ya fito tun asuba, ramukan hanya sun bubbuga masa baya, ga balas da zai kai wa mai keken da yamma ko an samu ko ba a samu ba. Abokin aiki ya miƙo masa guda ya ce tana kashe gajiya. Da farko tana kashewa. Sannu a hankali ƙwaƙwalwa ta daidaita kanta da ita, har ya kai ba don jin daɗi yake sha ba, don dai ya iya tsayuwa kamar kowa.

Ranar da irin wannan mutum ya yanke ta farat ɗaya, na ga abin da ke biyowa ba sau ɗaya ba. Kafin a kwana ya fara hamma ba ƙaƙƙautawa, hanci na yoyo, ido na hawaye ba kuka ba. Kwana na biyu da na uku ne wutar: gumi ya jiƙa zanin gado alhali yana rawar sanyi yana neman bargo, tsigar jikinsa a tashe kamar kazar da aka fige, ciki na murɗawa, ga amai ga gudawa, ƙafafu suna harbin iska da kansu. Wani ya ce mini ji yake kamar ana tsaga ƙasusuwansa da gatari. Tiramadol kuma yana da nasa ƙarin: wasu firgita ce ke kama su, wasu su riƙa ganin abin da babu shi, kuma a nan ne dangi ke cewa aljanu ne. Ɗanki ya ratsa wannan duka ba allura ba likita, ya ƙara makonni bai koma ba. Mai wasa da Allah ba ya iya wannan.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, bayan wancan makon farko akwai wani zango mai tsawo wanda ba shi da hayaniya. Barci ba ya zuwa. Abinci ba ɗanɗano, hira ba daɗi, kome ya yi lami. Yana iya ɗaukar makonni, har watanni, kafin ƙwaƙwalwa ta koyi jin daɗin ƙananan abubuwa da kanta. A daidai lokacin ne kuma an naɗe rumfunan taron farkawa, baƙon mai wa'azi ya koma garinsu, waɗanda suka rungume shi a gaban bagadi kowa ya kama harkar gabansa. Shi kuwa ya koma tasha ɗaya, abokai ɗaya, ciwon baya ɗaya, mai sayarwar ma yana nan inda yake. Yesu ya ba da misalin wannan a Matiyu 12:43-45: ƙazamin ruhu ya fita, ya yi yawonsa ya dawo, ya tarar da gidan a share, a gyare, amma ba kowa a ciki, sai ya je ya gayyato bakwai da suka fi shi mugunta. Sharar da aka yi wa ɗanki ta gaskiya ce. Ba a dai sa kowa a gidan ba. Idan ana neman inda aka gaza, ni a nan zan fara dubawa, kuma laifin namu ne na ikkilisiya kafin ya zama nasa.

Masana a Amurka sun daɗe da ƙiyasta cewa tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa maganin shaye-shaye sukan sake faɗawa, kuma wannan bai fi yadda masu hawan jini ko asma ke komawa ruwa ba. A layin gaba na majami'armu, rabinmu dattawa sai mun haɗiyi maganin hawan jini kafin mu fito sujada. Ban taɓa jin an ce wa ɗayanmu bangaskiyarsa ta yi rauni don jininsa ya sake hawa ba. Ban ce shaye-shaye ba shi da ɓangaren zunubi ba. Akwai zaɓi a ciki, akwai ƙarya, akwai sata, kuma Afisawa 5:18 ba ta yi wa buguwa sassauci ba. Amma manzo Bulus da kansa, a Romawa 7, ya ce nagarin abin da yake so ba shi yake yi ba, mugun da ba ya so shi yake aikatawa. Ba a kan ƙwaya yake magana ba, amma duk lokacin da na karanta wa masu fama wannan wurin sai ɗaki ya yi tsit, don sun ji an faɗi abin da ke cikinsu. Mai bi na iya kasancewa cikin wannan kokawar yana nan mai bi.

Kan batun asibiti, ki kwantar da hankalinki. Basamariyen nan na Luka 10 bai tsaya a kan mai rauni ya yi addu'a ya wuce ba. Ya zuba mai da ruwan inabi a raunukan, wanda shi ne maganin zamaninsu, ya ɗaure, ya ɗora shi a kan dabbarsa, ya kai shi masauki, ya biya dinari biyu, ya ce in an kashe fiye da haka zai cika. Wanda ya rubuta mana labarin ma likita ne, Bulus ya kira shi haka a Kolosiyawa 4:14. Asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Barnawa yana karɓar masu shaye-shaye, kuma daga Romi ba wata tafiya ba ce. Na san abin da ke sa mutane ja da baya: a Kaduna in aka ce an kai wane Barnawa, kowa ya san abin da ake nufi. Ki bar su da bakinsu. Likita zai duba ko za a yaye shi a hankali ne kamar yadda ake yaye yaro, ko sai an kwantar da shi. Zai tambaya ko yana haɗawa da giya ko ƙwayoyin barci irin su diyazefam da roci, don waɗannan yanke su farat ɗaya kan jawo farfaɗiya, har ya kai ga rasa rai. Zai kuma duba ciwon bayan da ya fara kai shi ga ƙwayar, da ko akwai ciwon damuwa a ƙarƙashi. Duk wannan ba aikin fasto ba ne, kamar yadda wa'azi ba aikin likita ba ne.

Wata magana a gefe: kada kowa ya ɗora masa azumin kwana uku ba ci ba sha yana tsakiyar amai da gudawa. Lokacin da annabi Iliya ya zube ƙarƙashin itace yana roƙon mutuwa, a 1 Sarakuna 19, abin da mala'ika ya kawo masa gurasa ce da tulun ruwa. Ya ci ya koma barci, aka sake tashinsa ya ci. Maganar Allah sai daga baya ta zo. In akwai mai son yin azumi dominsa, ya yi da nasa cikin.

Gidan addu'ar da za a tsare shi kuwa, ban goyi baya ba ko kaɗan. Mu mutanen Kaduna ba mu manta da watan Satumba na 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fitar da mutane kimanin 300 daga wani gidan horo na addinin Musulunci a Rigasa, da yawa da mari a ƙafa. Kada wani Kirista ya ce wannan matsalar wasu ce. A watan Nuwamba na shekarar, ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto cewa ana ɗaure masu taɓin hankali a sassa daban-daban na Najeriya, a wuraren masu maganin gargajiya, da cibiyoyin addinin Musulunci, da na Kirista. A Markus 5, mutumin nan na ƙasar Garasinawa an sha ɗaure shi da sarƙa da mari, bai warke ba. Da Yesu ya gama da shi, sai aka tarar da shi a zaune, saye da tufafi, cikin hankalinsa, aka kuma ce masa ya koma gida wurin danginsa. Duk inda za a hana ki ganin ɗanki, ko a yi masa bulala da sunan fitar da ruhu, ko a ce ya watsar da maganin likita, ki juya.

To mene ne aikin bangaskiya, in likita zai yi wannan duka? Babba ne, kuma shi ne wanda ba a sayarwa a kantin magani. Asibiti yana iya raba jikinsa da ƙwaya cikin makonni kaɗan. Ba ya iya gaya masa dalilin da zai sa ya tashi gobe, ko yadda zai kalli fuskarki bayan ya sayar da keken ɗinkinki. Kunya ce babbar mai riƙe mutum a cikin shaye-shaye. Ya sha, ya ji ya zama abin ƙyama, ya sake sha don ya manta. Kada ki ɗauka gidanki kaɗai ne: binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, na 2018, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Amma kowane gida ɓoyewa yake yi kamar shi kaɗai abin ya samu. Bishara ta zo ta ce an karɓe ka tun kana cikin dauɗarka, tun ba ka gyara kome ba. Mutumin da wannan ta zauna masa a zuciya yana iya buɗe baki ya ce "na sha jiya" ba tare da jin duniyarsa ta ƙare ba. Wanda kuwa zai iya faɗin haka washegari, faɗuwarsa ta kwana ɗaya ce. Wanda ya ɓoye, tasa ta wata shida ce. A nan nake ganin bangaskiya ta zama harsashi. Amma ki duba bayan Sabon Tasha da Kamazou, filaye nawa ne aka zuba wa harsashi mai kyau ciyawa ta cinye? Ba wanda ke kwana a kan harsashi, sai an ɗora bulo.

Bulon nan mutane ne. Ƙungiyar mashaya giya masu taimakon juna da aka fi sani da AA ta fara ne a 1935 a garin Akron na Amurka, lokacin da wani ɗan kasuwar hannun jari, Bill Wilson, ya ji ƙishin giya ya taso masa a baƙon gari, ya nemi wani mashayi ɗan'uwansa, likita Bob Smith, don su yi magana. Dukansu biyu sun ratsa ta wata ƙungiyar farkawar Kirista da ake kira Oxford Group, kuma daga can suka ɗauko furta laifi ga wani, da biyan waɗanda aka cuta, da miƙa wuya ga Allah. AA ba coci ba ce, amma duk mai karanta Yakubu 5:16 zai gane inda ruwan ya ɓuɓɓugo. A 2020 cibiyar Cochrane, mai tantance binciken likitanci, ta tattara bincike 27 da suka shafi mutane sama da dubu goma, ta ga wannan hanyar tana kai mashaya giya ga daina sha gaba ɗaya daidai da sauran hanyoyin da ƙwararru ke bi, sau da yawa ma fiye da su. Masu bin diddigin dalili kuma sun ga babban abin da ke aiki shi ne mutum ya sauya waɗanda yake zama da su. Kakanninmu sun riga su: zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Muna da ɗan zama irin wannan duk ranar Alhamis bayan magariba, a ɗakin makarantar Lahadi na yara. Ƙattin maza a kan 'yan bencina, gwiwa kusan ta taɓa haɓa, fitilar caji ɗaya a kan taga. Ba wa'azi. Kowa ya faɗi yadda makonsa ya kasance, abin da aka faɗa kuma ya tsaya a ɗakin. Wata rana wani makanike da ya yi wata huɗu bai sha ba ya shigo a makare, ya zauna bakin ƙofa yana ta murza hularsa. Da layi ya zo kansa ya ce, "Baba, ranar Talata na sha. Guda biyu." Ba wanda ya yi salati ko tsaki. Wani da ya girme shi ya tambaye shi ƙarfe nawa, a ina, me ya faru kafin nan. Ashe wani ne ya hana shi kuɗin aikinsa da rana, bai ci abinci ba, ya bi ta hanyar da ya saba bi da. Aka tsara masa wanda zai kira in haka ta sake faruwa, aka yi addu'a gajeriya, aka raka shi gida. Yanzu yana cikin mawaƙa, kuma shi ne ke tsokanar kansa cewa daga ɗan ƙwaya ya koma ɗan kwaya, ƙugiya ɗaya kawai aka cire masa. Idan ikkilisiyarku ba ta da irin wannan zaman, mutum uku masu riƙon asiri sun isa a fara. Ki nemi fastonku da maganar, kuma ki roƙa a ba ɗanki namiji guda, wanda ya girme shi, mai amsa waya ko ƙarfe biyun dare ne.

Akwai kuskuren da na yi da hannuna, ba na so a maimaita a kan ɗanki. Wani yaro ya yi mako uku bai sha ba, murna ta ɗebe ni na sa aka ba shi makirufo ranar Lahadi ya ba da shaida. Aka yi tafi, mata suka yi guɗa. Da ya zame bayan wata guda, bai iya tako majami'ar ba, don a ganinsa ya mai da Allah maƙaryaci a gaban mutum ɗari biyar. Sai da na yi kusan shekara ina bin sa. Ina zargin zubar da ƙwayoyin nan a gaban jama'a ya ɗora wa ɗanki irin wannan nauyin, shi ya sa ya fi da. Shaida ta jira, ba gudu take yi ba. Haka batun horo. Ban ce a soke horon ikkilisiya ba, amma Galatiyawa 6:1 ta ce a komo da wanda aka kama da laifi cikin tawali'u. In an sanar da sunansa daga bagadi aka tura shi bencin baya, alhali a can tasha abokansa na da suna matsa masa wuri su ce zo zauna, ke ma kin san inda zai nufa.

Girma cikin ruhaniya a wurin mai murmurewa ba a ƙarfin murya wajen addu'a ake gane shi ba. Na ga masu kwana suna ihu a addu'ar dare da ƙwaya a cikin safa. Abin da nake dubawa ƙanana ne. Ya ce zai dawo ƙarfe takwas, ya dawo. An tambaye shi kuɗi, ya faɗi gaskiyar abin da ya samu. Ya fara tambayar lafiyar wani. Wata rana kuma, ba tare da an matsa masa ba, ya fara maganar biyan waɗanda ya cuta, kamar Zakka mai karɓar haraji na Luka 19, da ya ce zai mayar ninki huɗu. Wannan kada a gaggauta shi, kuma in ya zo, ko naira ɗari biyar yake kawowa duk mako kan keken ɗinkin, ki karɓa, kada tausayi ya sa ki ce ya bar shi. Biyan yana gyara shi fiye da yadda yake gyara aljihunki. Karatun Littafi ma kaɗan-kaɗan: Zabura ɗaya da safe ta fi masa alkawarin gama Littafi Mai Tsarki cikin wata uku wanda zai karye a mako na biyu ya ƙara masa jin ya gaza.

Ke kuma, Mama, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, gaskiya ne, amma ki lura da uban nan na Luka 15. Ya sheƙa a guje ya tarye ɗansa tun yana nesa, amma bai riƙa aika masa da guzuri can ƙasar da yake almubazzaranci ba. Ki ba shi abinci, ki biya kuɗin asibiti a hannun asibiti, amma tsabar kuɗi a hannunsa a'a, kuma ki daina biyan bashin da ya ciwo ko yi masa ƙarya wurin mai keke. Ki tuna da sauran 'ya'yanki, don a labarin akwai wa da ya ƙi shiga gida saboda fushi, kuma uban ya fita ya lallashe shi. Ki samu mace ɗaya ko biyu a Zumuntar Mata da za ki riƙa sauke wa nauyin zuciyarki, ba waɗanda za su mai da shi "batun addu'a" a gaban kowa ba.

Abu ɗaya ne ba zai jira ba. Wanda ya yi wata biyu bai sha ba, jikinsa ya manta da yawan da ya saba ɗauka, kuma in ya koma kan tsohon adadi yana iya kashe shi. Haka zai kasance duk lokacin da ya fito daga asibiti, ki gaya masa wannan ƙarara. In kin tarar da shi ba ya tasuwa, numfashi na fita da ƙyar ko da wani irin minshari, leɓɓansa sun sauya launi, ki kwantar da shi ta gefe ki nemi mota zuwa asibiti mafi kusa nan take. Kada a ɗura masa manja ko madara. In jijjiga ce ta kama shi, wanda tiramadol mai yawa kan jawo, kada a cusa masa cokali a baki, a dai kawar da abin da zai buge shi. In kuma ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ranar za a kai shi, ba gobe ba.

Maganar zuwa Barnawa kuwa, kada ki tayar da ita yana cikin maye ko a gaban baƙi. Ki bari da safe, ya ci wani abu, ku biyu ko da mutumin nan da yake jin nauyinsa. Ki fara da gaya masa kin san wahalar da ya sha a wata biyun nan, kin kuma san ba wasa ya yi ba. Sannan ki ce kina so ku je tare a duba bayan nan da ke damunsa da rashin barcin. In ya ƙi a karon farko, ke ki je ki ga likitan, ki tafi da fankon fakitin abin da yake sha in kin samu, a gaya miki yadda za ki bi da shi.